Zanen Leza a Kan Dutse: Yadda Ake Yin Mazaunin Kofi da Na Tukunya Har a Kai Su Kasuwa

Shiga falon duk gidan da ake yawan shan shayi ka duba teburin tsakiya, da wuya ka rasa tabon gindin kofi a kansa. A ɗakin matar gida kuma, sau tari akwai wani ɗan wuri a kafet da kaskon turaren wuta ya taɓa lasa. Tabon nan guda biyu su ne kasuwar wannan sana'a: ɗan fallen dutse mai santimita 10 kowane gefe da ake ɗora kofi a kai, da babban yayansa mai santimita 15 zuwa 20 da ake sauke wa tukunya, buta ko kasko. Masu shirya biki suna ce wa ƙaramin kosta, amma in ka ce kana sayar da kosta a Kano sai a tambaye ka mai kujera nawa. Shi ya sa nake ce musu mazaunin kofi da mazaunin tukunya.

Abin da ya kamata ka riƙe tun yanzu shi ne, rubutun da leza, wato siririn haske mai ƙarfi da inji ke harbawa, ta yi a kan dutse ba ya goguwa. Saboda haka kusan duk aikin ana gama shi ne kafin a danna maɓallin farawa.

Mataki na farko: dutsen, tun kafin inji

Mutane da yawa sai sun sayi inji sannan su fara neman abin da za su zana a kai. Ka juya lamarin. Irin dutsen da za ka riƙa samu a sauƙaƙe shi zai gaya maka injin da ya dace da kai.

Mafi sauƙin sha'ani shi ne silet, wani dutse mai duhu da ke rabewa falle-falle, wanda a da ake yi wa yaran boko allo da shi, a Turai kuma ake rufin gida da shi. Leza na taɓa shi sai wurin ya koma fari-fari, rubutu ya fito raɗau ba tare da fenti ba. Matsalarsa ɗaya: galibi odarsa ake yi daga waje, yawanci Chaina, yana zuwa a yanke a kwali, kuɗin dako kuma yakan kusa kamo kuɗin kayan. Wani abin kuma, siririn silet na kofi ne. In aka yi ta sauke masa tukunya daga kan wuta, wata rana zai ɓare.

Na biyu shi ne giranait, kuma a ganina nan ribar ɗan Arewa take. Masu yin saman kantar kicin da matakalar bene kullum suna da guntaye jibge a bayan shago. Je wurin masu kayan gini, irin Ƙofar Ruwa a Kano ko Dei-Dei a Abuja, ka nemi guntayen baƙin giranait mai lallausan ƙwaya, wanda baƙinsa ya tafi bai ɗaya. Mai ɗige-ɗigen fari da ruwan kasa yana da kyau a ido, amma rubutu ɓacewa yake yi a cikinsa kamar an zuba gishiri a tsakuwa. Giranait mai kaurin santimita 2 shi ne asalin dutsen mazaunin tukunya, yana jure zafi, ba ya saurin karcewa.

Na uku mabul. Muna da shi a ƙasar nan, akwai shi a Jakura ta Jihar Kogi da Igbeti ta Jihar Oyo. Yana da kyan gani, amma tsami abokin gabarsa ne. Zoɓo, tsamiya ko lemon tsami in suka zuba a kai suka jima, sai sheƙin wurin ya mutu. Da yake a kasuwa kusan kowane dutse mai sulɓi mabul ake ce masa, ka tafi da ɓarin lemon tsami. Ka ɗiga a gefen guntun da ba ka buƙata, ka jira minti goma, ka goge. In wurin ya dushe mabul ne, in bai nuna komai ba to giranait ne.

Mataki na biyu: injin

Iri biyu ne suka shafe mu. Akwai leza ta dayod, mai shuɗin haske, wadda kamfanoni irin xTool, Ortur, Sculpfun da Atomstack ke yi. Mai ƙarfin wat 10 ta isa aikin silet da baƙin giranait. Ka lura da wayon talla: wasu suna rubuta wat 40 ko 80 da manyan baƙaƙe, alhali wutar da injin ke ja suke nufi, ba ƙarfin hasken da ke fita ba. Ƙarfin hasken za ka tambaya. Shuɗin haske ba ya kama farin dutse sosai, don farin yana mayar da shi.

Sai leza ta CO2, mai bututun gilashi, daga wat 40 zuwa sama. Ta fi sauri, tana cin kowane launin dutse, tana kuma yanka katako da roba mai ƙarfi. Amma sai da ruwan sanyaya bututu, wanda ake so kada zafinsa ya haura digiri 25. A watan Afrilu da zafin Kano ko Sakkwato ke wuce digiri 40, wannan na nufin sayen injin sanyaya ruwa ko kuma wunin jefa gorar ƙanƙara a bokiti. Ga mai farawa, ni dayod nake ba da shawara. Abin da mai wat 10 ke ci bai kai wat 100 ba, ƙaramar inbata ma ta riƙe ta tare da kwamfuta. Inbatar kuwa ba ado ba ce. In aka ɗauke wuta rubutu ya kai rabi, sau da yawa dutsen ya tashi daga aiki ke nan.

Manhajar sarrafa injin kuma, LaserGRBL kyauta ce, LightBurn ta kuɗi ce amma ta ci kuɗinta. Don shirya zane, Inkscape ta isa, ita ma kyauta.

Maganar ido ba ta wasa ba ce. Hasken nan yana iya ƙona ƙwayar ido kafin ka ƙifta, kuma gogaggen giranait yana wurga shi gefe kamar madubi. Sayi tabarau da aka rubuta wa tsawon zangon hasken injinka, na dayod wajajen nanomita 450 ne, da lambar kariya OD 5 ko sama. Baƙin gilashin rana ba ya komai. Ka yi wa injin akwati da fankar da ke fitar da hayaƙi waje, kuma yara ba sa shiga ɗakin in yana aiki. Kada ka taɓa sa roba irin ta PVC a ƙarƙashin leza, iskar da take fitarwa tana cin huhu tana cin ƙarfen injin.

Mataki na uku: yanka da gyaran baki

Leza ba ta yanka dutse. Abin da take yi shi ne ta dumama saman wurin farat ɗaya har ya yi 'yan ƙananan tsagogi da ido ba ya rarrabewa, su ne suke bayyana fari. Yanka aikin mai tayil ne. Ka biya wanda ke da injin yanka mai ruwa ya fitar maka da su daidai wa daida, ka tsaya a kansa da sukwaya, domin bambancin milimita 3 ma yana fitowa in aka jera guda shida a kwali.

In kai za ka yanka da giranda, ka sani ƙurar giranait da silet tana ɗauke da sinadarin silika, mai taruwa a huhu ya jawo ciwon da ba ya warkewa. Ɗaura hankici a hanci ba kariya ba ce. Ka sa takunkumi na N95 ko wanda ya fi shi, ka yi aikin a fili, ka wanke wurin da ruwa maimakon shara.

Bayan yanka, bakin dutsen kaifi gare shi. Ka bi shi da faifan goga na daimon, daga lamba 50 zuwa 100, 200, 400, kana jiƙawa, har sai ka shafa da yatsa ka ji ba abin da ke kama fata. Ka ɗan kashe kusurwoyi huɗun. Sannan wanki da sabulu, shanya har ya bushe ƙarau, a ƙarshe a goge fuskar da sifirit don cire maiƙon hannu.

Ga silet na kofi, wasu sukan fesa siririn fenti marar launi kafin zane, su bar shi ya kwana. Yana ƙara wa dutsen duhu, rubutun ya ƙara haske. Kafin zane ake yi, domin in ka shafa mai ko fenti daga baya, farin rubutun ne zai sha ya dushe. Mazaunin tukunya kuwa ba a fesa masa komai, zafi zai narkar da shi ya manne a gindin tukunya. Man gyaɗa kada ma ya zo kusa, wari yake yi in ya kwana biyu.

Mataki na huɗu: abin da za a rubuta, da abin da ba a rubutawa

A nan zan ɗan jima, don nan ne aka fi yin asara.

Abu ne da za a ɗora wa kofi da tukunya, a zubar masa da miya, a ajiye shi a ƙasa. Don haka ba a rubuta ayar Alƙur'ani, Bismillah ko sunan Allah a kansa, ko da mai oda ya nace. Za a zo maka da wannan buƙatar, musamman masu walimar sauka. Ka ba su shawarar a yi musu allon dutse mai ƙafa da ake jinginawa a kanta ko a rataye a bango, dutse ɗaya ne, inji ɗaya ne, kuɗinsa ma ya fi. Ka kuma kula da sunaye irin Abdullahi da Abdurrahman, musamman in da harafin Larabci ake so. Sau da yawa ango bai ma yi tunanin haka ba sai ka ankarar da shi, daga nan a koma harafin farko na sunayen ko laƙabin da aka fi saninsa da shi.

Na biyu, haruffa masu lanƙwasa. Yawancin salon rubutu masu kwalliya da ake saukewa a intanet ba su san ɓ, ɗ da ƙ ba. Wani ya bar gurbi, wani ya sa ɗan akwati, wani ya aro harafin daga wani salon daban ya fito kamar baƙo a taro. Na taɓa buga guda tara a tashi ɗaya da "Ɗaurin Aure" babu harafin farko, ban gani ba sai da na cire su. Noto Sans, Andika da Charis SIL duk suna da haruffanmu. Larabci kuma wasu manhajoji sukan wargaza shi, haruffa su rabu ko su juya daga hagu. Ka rubuta a Inkscape da salo irin Amiri, ka duba da idonka, ka mayar da rubutun zane da umarnin Object to Path, sannan ka tura wa injin.

Zanen da ya fi tafiya shi ne mai layi tsaf: dagin Arewa, zayyanar bangon gidajen Zariya da Kano, aska takwas ta babbar riga, gicciyen Agadas. In hoton mutum ake so, sai ka juya shi, baƙi ya koma fari, tunda leza fari take rubutawa a kan duhu. In ka manta, amarya za ta fito da fararen idanu da baƙaƙen haƙora. Ka kuma zaɓi tsarin mayar da hoto ɗige-ɗige, Jarvis ko Stucki. Ni dai ba na son fuskar mutum a abin da ake ɗora wa kofi, amma akwai masu so. Tambarin kamfani ko na ƙungiyar ƙwallo kuwa, sai in masu shi ne suka ba ka aikin.

Ka bar aƙalla santimita 1 fanko a kowane gefe.

Mataki na biyar: gwaji

Sai an gwada akan san na ƙwarai. Kada ka kwafi saitin wani daga bidiyo, dutsensa daban da naka. Ware dutse ɗaya daga kowane sabon kaya don gwaji. A LightBurn akwai Material Test, wanda ke zana ƙananan murabba'ai jere, kowane da gudunsa da ƙarfinsa. A dayod mai wat 10, fara da gudu daga milimita 2,000 zuwa 6,000 a minti, ƙarfi daga kashi 20 zuwa 90, tazarar layi milimita 0.1. Ka wanke dutsen, ya bushe, ka fita da shi hasken rana. Murabba'in da ya fi fari kuma ya fi sauri shi ne naka. Ƙarfi in ya yi yawa, silet narkewa yake yi ya koma rawaya-rawaya mai ƙyalli, ba ya ƙara fari. Rubuta saitin a bayan dutsen gwajin da alƙalamin maka, ka ajiye shi a kanta.

Tsayin kan leza daga dutse shi ne abu na gaba. Kowane inji na zuwa da ɗan ma'aunin da ake saita shi. Silet ba ya zuwa da kauri ɗaya, don haka ka ware su kashi-kashi, masu kauri ɗaya su shiga tare. Lokacin hunturu ka riƙa goge gilashin bakin leza da auduga da sifirit kowace safiya, ka rufe injin da mayafi in an tashi. Rubutu in ya fara dushewa ba dalili, kafin ka zargi injin, duba gilashin.

Mataki na shida: bugawa

Yi katakon gurbi. Samu falankin fulawud, ka yanke ramuka daidai girman dutsen, ka kafe shi a gadon injin yadda ba zai motsa ba. Inji mai fili santimita 40 da 40 yana ɗaukar guda tara, uku-uku. Da zarar ka daidaita zanen sau ɗaya, sauran aikin cirewa da sakawa ne. Kafin kowane zubi ka danna Frame, kan injin ya zagaya iyakar zanen ka tabbatar bai fita ba. Kada ka bar shi yana aiki ka tafi masallaci ko cin abinci. Dutse ba ya kama wuta, amma katakon gurbin yana kamawa. A dakatar da shi, a dawo a ci gaba.

Farin mabul ko dutse mai haske hanyarsa daban, kuma injin CO2 yake so: a manna tef na takarda a fuskar, leza ta huda tef ɗin ta ci dutsen, a cusa fenti a gurbin, ya bushe, a ɓare tef.

Bayan an gama, wanke da ruwa da tsohon buroshin haƙori, ya bushe. Sai ƙafa. Dutse tsirara yana karce teburin da aka saye shi don ya kare. Manna ƙananan ƙafafun roba huɗu a ƙasan na kofi. Na tukunya yana son masu kauri, don iska ta riƙa ratsawa ƙarƙashinsa zafi bai sauka kan teburi ko kafet ba. Ka ajiye kowane a kan gilashi ka danna kusurwa. Wanda ya yi rawa, a gyara ƙafarsa. Ɗan ƙaramin sunan sana'arka da lambar waya a bayan dutsen, shi ne tallan da ya fi daɗewa.

Mataki na bakwai: lissafi

Abin da kake sayarwa a gaskiya lokacin inji ne. Ga yadda ake ƙirga shi. Zanen da ya cika santimita 8 da 8, a tazarar layi 0.1, layi 800 ne, kowane milimita 80, jimla milimita 64,000. A gudun 3,000 a minti, minti 21 ke nan da ɗoriya, ban da juyawar kai. Amma suna biyu da kwanan wata masu tsayin santimita 3 da faɗin 7, layi 300 ne sau 70, milimita 21,000, minti 7 kacal. Dutse iri ɗaya, lokaci ninki uku. In uwar amarya ta ce guda 200 take so da babban zane, kana maganar awa 70 ne da wani abu. In bikin saura kwana huɗu, ko dai a rage zanen ko ka ce ba za ka iya ba.

Farashi kuma ka tara kuɗin dutse, yanka, goga, ƙafa, kwali, wuta ko mai, da ladan hannunka. Ka raba kuɗin injin a kan awoyin da kake so ya dawo maka da kuɗinsa, ni awa 1,000 nake sawa, ka ɗora wa kowane dutse rabonsa. Ina ƙara dutse ɗaya a kowane goma saboda fashewa da kuskure. Kuɗin shirya zane daban ne, sau ɗaya ake biya, shi ya sa mai guda shida ba zai samu farashin mai guda ɗari ba. Za a ce maka na roba da ake kawowa daga waje ya fi araha. Gaskiya ne. Ka miƙa wa mutum dutsen ya ji nauyinsa a hannu, ba sai ka yi dogon bayani ba.

Kafin alƙalami wajibi ne, aƙalla abin da zai biya dutse da yanka, domin dutsen da aka rubuta wa sunan wasu ba ya sayuwa ga kowa. Ka tura hoton zanen ta WhatsApp, mai oda ya amsa a rubuce cewa sunaye da kwanan wata daidai ne. Saƙon murya ba ya zama hujja ranar da aka ce Hauwa'u ake so ba Hauwa ba. Kuma tunda a wurinmu ana ɗaga biki, ka ba da shawarar a sa wata da shekara kawai, ko ka bar kwanan watan sai ƙarshe.

Mataki na takwas: kasuwa da dako

Masu rabon kaya a biki su ne manyan masu oda, kuma aikin yakan taru kafin azumi, bayan Sallah da ƙarshen shekara. Amma biki na da lokaci. Abin da ke riƙe shago sauran watanni shi ne saiti marar suna: shida na kofi da ɗaya na buta, da dagi ko zayyana, a kai wa masu shagon kayan kicin na amare. Masu sayar da turaren wuta da humra su ma abokan hulɗa ne na gaske, ka yi musu mazaunin kasko da sunan sana'arsu su haɗa da kayansu. Otal, gidan abinci da ofisoshi suna son tambarinsu, sai dai za su nemi rajistar CAC da asusun banki na sana'a, don haka ka yi ta da wuri. Kasuwar baje koli ta Kano da ta Kaduna wuri ne mai kyau na nuna samfuri, ko da haɗa rumfa za ka yi da wani.

Hoto ka ɗauka kusa da taga, da kofin shayi a kai, ba a kan gadon inji ba. Gajeren bidiyon suna yana fitowa layi-layi ya fi kowane hoto jan mutane a Instagram da TikTok.

Dutse nauyi gare shi, ka sa wannan a lissafi tun ranar ciniki. Giranait mai santimita 10 da 10 da kaurin 1 yana kai giram 270, guda 200 kilo 54 ke nan. Mazaunin tukunya mai 20 da 20 da kaurin 2 ya haura kilo 2 shi kaɗai. Ka sa fallen kwali tsakanin kowane biyu, ka jera su a tsaye bisa gefensu kamar faranti, ba a kwance wani kan wani ba, ka cusa takarda har in ka girgiza kwalin ba ka jin ƙara. Kada kwali ɗaya ya wuce kilo 15, domin wanda ya fi haka yaran tasha wurga shi suke yi. In ta mota za ka tura, ka ɗauki hoton kayan kafin rufewa da bayan rufewa, ka roƙi direba ya sa su a ƙasan kujera maimakon but ɗin motar, ka tura wa mai kaya lambar motar da ta direban. A kowane kwali ka jefa guda biyu na ƙari, don in ɗaya ya gutsure a hanya adadin da aka biya ya cika.